Jinyar Da Ta Fi Ƙarfin Gida Ɗaya

Ina gaishe ku mutanen Rano da Kibiya. Ina gaida na Rurum da Saji da Lausu. Ina gaida na Tarai da Saya-Saya da Durba. Wanda yake gona ya rataye rediyonsa a reshe, sannu da aiki. Uwar gida da ke tsakar gida kina tankaɗe, sannu da hidima. Wanda kuma yake kwance ba lafiya, Allah ya ba shi sauƙi, ya sa kaffara ne.

Maganar da na zo da ita yau mai nauyi ce. Ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku har ƙarshe. Magana ce a kan ciwon daji a jikin ƙananan yara. Wasu su ce kansa, wasu su ce sankara. Ni ba likita ba ne, kuma ba aikin likita na zo koya muku ba. Maganata a kanmu take, mu dangi da maƙwabta. Me muke yi wa gidan da wannan ciwo ya shiga?

Bari in fara da laifin kaina.

Shekarun baya, ɗan wani maƙwabcina ya wayi gari da kumburi a muƙamuƙi. Yaro ne da bai wuce shekara bakwai ba. Aka ce hangum ne. Da aka ga haƙora sun fara girgiɗi, aka ce ciwon haƙori ne. Aka je kemis, aka sha magani, kumburi sai gaba yake yi. A ƙarshe aka tura su wani babban asibiti a birni. Aka ba su gado, aka fara yi masa allurai. Cikin 'yan kwanaki kumburin ya sace kamar ba a taɓa yi ba. Na je dubiya sau ɗaya. Na riƙe lemo, na damƙa wa uban 'yan kuɗi, na yi addu'a, na dawo gida. A raina na sauke nauyin maƙwabtaka.

Aka sallame su, aka rubuta musu ranakun komawa. Suka koma sau ɗaya. Suka koma na biyu. Na uku ya faɗo tsakiyar damina. Lokacin uban ya riga ya sayar da tumakinsa. Ga gona tana jiran noma, ga kuɗin taki. Yaro kuma yana ta guje-guje da 'yan'uwansa, garau a ido. Sai suka ce a bari sai kaka. Kafin kaka ciwon ya dawo. Wannan karon bai ji allura ba.

Ranar da na je gaisuwa, uban ya faɗa mini abin da ya hana su komawa. Ba kuɗin magani ba ne ma, domin an riga an sayi na wannan zuwan. Kuɗin mota ne, da wanda zai tsaya masa a gona kwana uku. Jama'a, a lokacin ina da kuɗin motar nan a aljihuna. Ban tambaya ba ne kawai. Har yau abin yana cina.

Shi ya sa nake so ku riƙe magana ɗaya daga shirin yau. Jinyar ciwon daji ta fi ƙarfin gida ɗaya. Zan maimaita ta har ku gaji da ni. Jinyar nan ta fi ƙarfin gida ɗaya.

To, mu fara daga tushe. Shin ana warkewa kuwa?

Ana warkewa, da yardar Allah. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowace shekara yara da matasa kusan 400,000 ne ke kamuwa da ciwon daji a duniya. A ƙasashe masu arziki, fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa. A yawancin ƙasashe irin namu, ba su kai kashi 30 ba. Ku dubi tazarar nan. Ciwo ɗaya ne, yaran ma duk yara ne. Abin da ya raba su shi ne lokacin da aka kai yaro asibiti, da ko an samu magani, da ko an kai jinyar ƙarshe.

Ciwon muƙamuƙin da na ba ku labari, likitoci suna kiransa da sunan wani likita ɗan ƙasar Ayilan, Denis Burkitt. Shi ya fara bayyana shi a 1958, yana aiki a Kampala ta ƙasar Yuganda. Ya lura ciwon ya fi yawa a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Kun san kuwa ƙasarmu na cikin irin wuraren nan. Yana cikin cututtukan daji mafi saurin girma a jikin ɗan'adam. Amma kuma yana cikin masu saurin jin magani. Jinyarsa 'yan watanni ce, idan an fara da wuri kuma ba a yanke ba.

Nan ne gizo ke saƙar. Idan ba a yanke ba.

Ku mutanen Rano ba sai an koya muku rini ba. Tun zamanin kakanni, Kano da Rano ake kira sarakunan baba. Wanda ya taɓa tsayawa a karofi ya san yadda ake yi. Ana tsoma zane, a fitar da shi ya sha iska, a sake mayarwa. A fitar, a mayar, har sai shuni ya kama shi sosai. Marini bai taɓa cewa tsomi ɗaya ya isa ba, ko da zanen ya yi duhu a ido. Ya san wanki biyu zai koɗe. To haka allurar daji take. Ana yi, a bar jikin yaro ya huta jininsa ya farfaɗo, a sake yi. Kumburin da ido ke gani shi ne ke fara tafiya. Irin ciwon kuwa yana nan a ɓoye. Idan aka tsaya a rabi, wanda ya saura shi ne mai taurin kai, kuma shi zai dawo. Sankarar jini ma, wadda ta fi yawa a yara a duniya, jinyarta takan kai shekara biyu zuwa uku.

Shekara biyu, jama'a. Wane magidanci ne a Kibiya zai iya shekara biyu yana zirga-zirga zuwa Kano shi kaɗai?

Akwai wani gari a arewa maso gabashin Brazil, ana ce masa Recife. Su ma talakawa ne masu zuwa asibiti daga ƙauyuka masu nisa. A da, kusan yaro ɗaya cikin shida masu sankarar jini iyayensa kan daina kawo shi. Sai asibitin da wasu mutanen gari suka haɗa kai. Suka tanadi masauki, da abinci, da kuɗin mota. Wanda ranarsa ta zo ba a gan shi ba, a bi sawunsa. Masu yanke jinya suka ragu har ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Yaran da ke warkewa suka ninka kusan biyu. An gyara aikin asibitin ma, ba shakka. Amma ku lura da abin da ya tsayar da iyaye. Ɗakin kwana ne, da kwanon abinci, da kuɗin mota, da mutumin da zai ce ina wane, yau ba mu gan shi ba. Wanne ne a ciki ya gagare mu?

Kafin in shiga abin da za mu yi, bari in ɗan ratse kan alamomi, a gurguje. Uwa, idan kika ga wani farin haske a ƙwayar idon jaririnki, kamar idon kyanwa da dare, kada ki jira. Idan kina yi wa yaro wanka kika ji wani ƙullutu mai tauri a cikinsa, kada ki ce saifa ce ki yi shiru. Haka kumburin muƙamuƙi ko na wuya da ya ƙi sauka. Haka zazzaɓin da ya ƙi jin magani, yaro ya ɗashe, dasashi na jini, ƙasusuwa na ciwo. Haka ciwon kai da amai da sassafe, kullum. Ba kowace alama ce daji ba. Sau da yawa wani abu ne mai sauƙi. Amma likita ne zai tantance. A je Babban Asibitin Rano, ko asibitin da ya fi kusa. Idan suka ce a wuce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, a wuce a makon nan, kada a ce sai an sayar da amfanin gona.

Na san abin da ake faɗa. Ana cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Ban raina masu faɗar haka ba, domin abin da suka gani suke faɗa. Sun ga an kai mutum asibiti, an taɓa shi da wuƙa, ya rasu. Amma a tambaya, yaushe aka kai shi? Sai da aka yi wata shida ana shafe-shafe da sakiya, ciwo ya gama bin jiki. Ba wuƙar ce ta kashe shi ba, daɗewar ce. Addu'a kuwa ba ta taɓa faɗa da magani ba. Malamanmu kullum suna karantar da mu cewa neman magani umarni ne na addini. A yi tofi, a yi sadaka, a kuma hau mota ranar da likita ya rubuta. Abu ɗaya nake roƙo: duk jiƙon da za a ba yaro, a faɗa wa likitansa tukuna. Hantarsa da ƙodarsa suna fama da magani mai ƙarfi.

Yanzu mu zo kan aikinmu. Me gidan nan ke buƙata a hannu?

Na farko dai hanya. Daga Kibiya a zo Rano, a bi ta Bunkure a fita Karfi, a hau titin Zariya a shiga Kano. Mutum biyu ne aƙalla, wani lokaci uku, da goyo. Zuwa da dawowa. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Ga awon jini kafin kowace allura. Idan jinin ya yi ƙasa a ce ku dawo mako mai zuwa, kuɗin motar ranar ya tafi a banza. Wannan shi ke karya magidanci, kaɗan-kaɗan, kamar gara a azara.

Mu kuma yadda muka saba taimako, na tashi ɗaya ne. Ranar da aka ji an kwantar da yaro, kowa ya zo, a cika mota, a tara abin da aka tara. Bayan wata guda ɗif, kamar an ɗauke ruwa. Alhali a lokacin ne jinyar ta fara. Don haka ga shawarata. Abin da za ka bayar gaba ɗaya, raba shi. Ka ce wa uban, ni na ɗauki kuɗin motar zuwa na uku da na shida. Wani ya ɗauki na huɗu. Mata kun fi mu sanin adashi. Ku yi wa jinyar nan zubi irin na adashi, kowane mako, komai ƙanƙantarsa. A samu mutum ɗaya mai amana, malamin makaranta ko na'ibin liman, ya riƙe littafi. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. A shafin farko kuma a rubuta ranakun komawa asibiti. Ana jibi ranar, ya je ya yi sallama a ƙofar gidan ya ce, Malam, jibi ne fa, ga na mota. Da an samu mai yin haka a unguwarmu, da labarin da na ba ku ya canza, in Allah ya so.

Sai gona. Mu da muka gaji aikin gayya, ya za a yi gonar mai jinya ta zama saura? Samari, safiya ɗaya ce. Ku fito da fartanyoyinku ku nome masa. Lokacin girbi ku yanke masa dawarsa ku kai masa gida. Kun cire masa zaɓi mafi muni a duniya, wato ya zaɓa tsakanin ran ɗa ɗaya da abincin sauran.

Sai jini. Yaron da ke kan wannan magani yakan buƙaci ƙarin jini, kuma asibiti zai ce a kawo masu bayarwa. Uba shi kaɗai ba zai iya ba. Lafiyayyen namiji yana iya ba da jini duk bayan wata uku, kuma sai an auna shi kafin a ɗiba. 'Yan ƙwallo, 'yan majalisar shayi, 'yan acaɓa, ku rubuta sunayenku ku ba mai littafin nan.

Sai 'yan'uwanmu mazauna birni. Akwai 'yan asalin Rano da Kibiya a kowace unguwa ta Kano, ma'aikata da 'yan kasuwa. Alhaji, ɗakin nan na zaure da ka tara tarkace a ciki, a share shi. Uwar da ke kwana a barandar asibiti a kan tabarma, sauro na cizonta, 'yar garinku ce. Hajiya, in kin sauke tukunya, ki zuba kwano ɗaya a kai mata. Yaron da ke cin abinci mai kyau ya fi jure magani. Ba abin tsada ake nema ba. Ƙwai ne, da wake, da kunun gyaɗa, da awara, da zogale, da tafasasshen ruwa.

Kada mu manta da zakka. Kaka na zuwa, ana fitar da ita daga masara da dawa da shinkafa. Mai jinyar da ya sayar da dabbobinsa, bashi ya hau kansa, a tambayi malamai ko bai cancanta ba. Sau da yawa shi ba zai roƙa ba. Mutumin da jiya shi ke ba wasu, yau kunya ba za ta bar shi ya buɗe baki ba. A kai masa da dare, a rufa masa asiri.

Kun ji na hannu. Yanzu mu juya ga na zuci, wanda ya fi wuyar gani. Nan zan ɗan daɗe.

Mu fara da uwa. Ita ce ke zaune a gefen gado dare da rana. Ita ke tare amai, ita ke riƙe hannu ana neman jijiya. Amma sau da yawa ita ce ta ƙarshen sanin abin da ke damun ɗanta. Likita ya kira uban waje, su yi magana, a dawo a ce mata kawai ki yi haƙuri. Maigida, wannan ba tausayi ba ne. Tana gani da idonta, kuma zullumi ya fi labari mai ɗaci ciwo. Ka shiga da ita wurin likita. Ta yi tambayarta da bakinta, a amsa mata da Hausa. Ita za ta ba da magani a gida, ita za ta fara jin zafin jiki da tsakar dare. Dole ta sani cewa zazzaɓi a jikin yaron da ke kan allurar daji ba na jiran wayewar gari ba ne.

Idan kuma ɗan fari ne, nauyin ya zama biyu. Al'adarmu ta kara ta hana ta nuna damuwa a gaban surukai. Ko sunansa ba ta faɗa. Kara abu ne mai kyau, ban ce a yar da ita ba. Amma iyayenmu mata, ku da kuka san zafin haihuwa, ku ja ta ɗaki. Ku ce mata yi kukanki, 'yata, ba mai ganin laifinki. Ku karɓe ta kwana biyu a asibiti ta zo gida ta yi barci, ta ga sauran 'ya'yanta.

Abu mafi muni kuma shi ne neman wanda za a ɗora wa. A ce daga danginta ne. A ce sakacinta ne. A ce kishiya ce ta yi jifa, ko wance ce ta yi kambun baka. Gida nawa ne ya watse a kan irin wannan zargi, yaro na kwance? Ku saurare ni da kyau. Yawancin ciwon daji na yara ba a san abin da ke kawo shi ba, kuma ba abin da uwa ta ci ko ta yi ba ne. Mafi yawansa ba gado ba ne. Wasu kaɗan, kamar na ido, ne wani lokaci suke bin jini, shi ya sa likita kan ce a kawo ƙanne a duba su. Wannan ma ba laifin kowa ba ne. Kuma ba a ɗaukarsa. Ba a ɗauka ta kwano, ba a ɗauka ta tabarma, ba a ɗauka ta wasa. Mai hana 'ya'yanta shiga gidan don tsoron ɗauka, ta sani ta ƙara wa maƙwabciyarta ciwo a kan ciwo.

Gaskiyar ma a juye take. Mu ne haɗari gare shi. Maganin yana raunana garkuwar jikinsa. Murar da ba ta hana ka zuwa kasuwa ba, shi tana iya kwantar da shi. Ƙyanda da ƙarambau kuwa suna iya kai shi ga halaka. Don haka mai tari ya yi gaisuwarsa daga ƙofa. Yaron da ke da ƙuraje a bar shi a gida. A wanke hannu kafin a taɓa shi. Kada a cika ɗaki mutum goma sha.

Tun da mun zo kan dubiya, bari in faɗi wata gaskiya. Wasunmu bakinmu ya fi hannunmu nauyi. Mutum ya shigo, ya dubi yaro, ya kama salati yana girgiza kai. Ya ce irin wannan ne ya kashe ɗan wane. Ya ce ai wannan asarar kuɗi kawai kuke yi. Yaron yana jin ka. Ɗan shekara biyar ya san fuskar da aka yanke ƙauna da shi. In ba ka da abin faɗa, ya mai jiki ta isa, Allah ya ƙara sauƙi ta isa. Ka zauna kaɗan. In za ka tashi, kada ka ce in akwai wani abu a faɗa mini, domin ba za a faɗa ba. Ka ce gobe zan aiko da itace. Ka ce yaran nan su zo gidana su ci abincin rana har ku dawo.

Uban fa? Shi ba mai tambayarsa. An ce namiji ne. Yana fita da safe fuska a sake, cikinsa kuwa kamar an hura wuta. Yana lissafin abin da ya rage da zai sayar. Wani har ya daina zama a majalisa, don kada a ga kamar roƙo ya kawo shi. Abokansa, ku bi shi gida. Ku raka shi tasha. Watarana ku ce zauna, yau ni zan kai su. Akwai kuma ranar da zai fi buƙatarku. Ranar da likita zai ce sai an cire idon yaro, ko ƙoda ɗaya, don a ceci ransa. Iyaye da yawa a nan suke naɗe tabarma su gudu. Kada a bar shi ya ɗauki wannan hukunci shi kaɗai, dangi na gefe suna cewa kada ka yarda. Mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya har tsufa. Mai ido ɗaya yana karatu, ya yi sana'a, ya yi aure, kuma ana sa idon roba. Ciwon da aka bari a ido kuwa, kai yake nufa.

Shi kansa yaron, kada a yi masa ƙarya. Kada a ce allurar ba zafi. A ce da zafi kaɗan, amma ina nan riƙe da kai. Gashinsa zai zube. A faɗa masa tun kafin ya gani a matashi, a kuma faɗa masa zai sake fitowa, domin zai fito. A saya masa hula, yarinya a ba ta ɗankwali mai kyau. Malaman boko da na Islamiyya, kada ku goge sunansa daga rajista. Ku aika masa da karatu. Ku ja kunnen masu tsokana. Ranar da ya ji ƙarfi, likita kuma ya yarda, ya zo ya zauna a aji ko na awa ɗaya ne. Yaron da aka ajiye wa gurbinsa ya san ana jiran dawowarsa.

'Yan'uwansa kuma suna can gida, an bar su wurin kaka. Babbar yaya 'yar shekara goma sha biyu ta zama uwa, ta bar makaranta. Ƙaramin yana zaton faɗan da suka yi ne ya jawo. Gwaggo, inna, kawu, ku zaunar da su ku yi musu bayani daidai hankalinsu.

Ga hukuma, maganata gajeruwa ce. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin cewa kafin 2030, aƙalla kashi 60 cikin 100 na yaran nan su riƙa tsira. Lokaci ya ƙure. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, da cututtukan manya ya soma, irin su sankarar mama da ta bakin mahaifa. Muna so a ji yara a sahun gaba. A jiha muna da hukumar taimakekeniyar lafiya, muna da Hukumar Zakka da Hubusi. Shugabannin ƙananan hukumomin Rano da Kibiya, mota ɗaya a mako zuwa asibitin koyarwa ba za ta gagare ku ba. Muna kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Rano, Autan Bawo, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, su sa baki. Mai unguwa ya san gidan da aka yi haihuwa. Ya kamata ya san gidan da ake doguwar jinya. Ku kuma iyaye, in kun je babban asibiti, ku tambayi ofishin da ke kula da walwalar marasa lafiya. Ku faɗi halin da kuke ciki ba kunya. Don irinku aka buɗe shi.

Saura magana ɗaya, wadda ba na so in tsallake. Wani yaron, duk abin da aka yi, kwanansa ya ƙare. Likita zai ce magani ya kai iyakarsa. Wannan ba ya nufin a daina kula. Akwai magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi a manyan asibitoci. A nema, haƙƙin yaron ne ya kwanta ba ya ihu. In an dawo da shi gida, a bar shi kusa da uwarsa, a ba shi abin da ransa ke so. In Allah ya karɓi abinsa, kada mu ce ai yaro ne, za ki haifi wani. Mu ce Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya ba ku haƙuri. Bayan an watse daga zaman makoki kuma mu koma. Bashin jinya yana nan. Uwar da ta yi wata takwas ba ta yi barcin kirki ba, yanzu ne shirun ɗaki zai dame ta. Kada kuma kowa ya ce musu da ba ku wahalar da kanku ba. Sun yi abin da iyaye ke yi.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya cim mana. Kowace 15 ga Fabrairu duniya na tunawa da yara masu ciwon daji, amma ku kada ku jira ta. Na tabbata tun da na fara magana akwai gidan da ya faɗo muku a rai. Yau bayan la'asar ku je ku yi sallama. Ku tambayi ranar komawarsu asibiti, ku rubuta ta.

Ke kuma baiwar Allah da ke saurarena a gefen gado, da kai bawan Allah da ke lissafin kuɗin motar jibi, sannunku. Ku faɗa wa mutum ɗaya da kuka yarda da shi abin da ya rage muku. Allah ya ba yaronku lafiya, ya ba ku ladan jinya.